Ramukan burji a Gombe: a mayar wa makiyaya filinsu da ciyawarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan ramukan da ake bari bayan an gama haƙar tsakuwa da burji na aikin hanya da gine-gine a Jihar Gombe. Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Dukku, ko ta Bajoga, ko ta Kumo zuwa Kaltungo, in yana leƙen gefen titi zai gan su: jajayen ramuka masu bango a tsaye, cikinsu fako ƙwal, da rani ƙura, da damina kududdufi. Da yawansu a filin kiwo aka haƙa su, ko a bakin burtali, domin nan ne filin da ba shi da mai gona da zai tsaya neman diyya. Ra'ayinmu shi ne gyaran irin wannan wuri aiki ne sananne mai matakai da awo, kuma tun ranar da katafila ta fara shiga ake yanke ko zai gyaru da araha ko da tsada.

Ba mu ƙin hanya. Shirin gwamnatin jiha na gina kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin guda 11 abu ne da jama'a ke maraba da shi. Amma a duba lissafi: hanya mai faɗin mita 10, in aka zuba mata burji mai kaurin santimita 30, kilomita ɗaya na cin kubik mita 3,000, ban da cikon kwari da gindin gada. In ramin da aka ɗebo yana da zurfin mita 2, an cinye fili murabba'in mita 1,500 ke nan a kan kowace kilomita, kuma wurin da tifofi ke juyawa da hanyar da suka buɗe cikin daji sukan lalata kwatankwacin haka ko fiye.

Wasu na cewa a bar shi, daji zai rufe da kansa. Ba ya rufewa, kuma akwai dalili. Rayuwar ƙasar kiwo tana cikin santimita 15 zuwa 20 na sama: nan irin ciyawa yake kwance yana jiran ruwa, nan ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi suke, nan ƙananan halittun da ke juya su zuwa taki suke. Abin da ke ƙasa da wannan, jar ƙasa ce da marmara mai yawan ƙarfe, ba ta da abinci, kuma ɗan sinadarin fosfaras da ke ciki ƙarfen nan ya riƙe shi, tsiro ba ya samu. Sannan tifa mai kaya ta yi ta bi ta kai har ya daskare. Ruwan sama in ya sauka sai ya yi ɓawo a sama ya gangare, irin da iska ta kawo ya tafi tare da shi. Shi ya sa za ka ga rami ya shekara goma ba abin da ya fito sai tumfafiya da tafasa a inda laka ta taru. Ruwan da bai shiga ƙasa ba kuwa sai ya nemi mafita a wuri guda, ya fara yankar kwazazzabo. Mutanen Gombe ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da zaizayar ƙasa ke yi, ganin kuɗin da aka kashe a kan kwazazzaban cikin gari.

Saboda haka aiki na farko shi ne ajiye ƙasar sama. Kafin a taɓa burji, buldoza ta kankare santimita 15 zuwa 20 ta tara gefe, daban da jar ƙasar da ke biye da ita. A hekta ɗaya, santimita 15 ya kai kubik mita 1,500, wato lodin tifa 150 in kowace na ɗaukar kubik mita 10. Wanda ya bari aka cakuɗa wannan da burji aka shimfiɗa ƙarƙashin kwalta, ko aka sayar wa masu cikon fuloti, sai ya sayo wata daga baya, kuma duk inda ya ɗebo ya buɗe sabon rami. Tarin kada ya wuce mita 2 a tsayi, domin in ya yi tudu da yawa cikinsa ba ya samun iska, iri da halittun su mutu. Kada a kankare ta tana jiƙe, kada a bar mota ta hau kanta, kada a tara ta a bakin magudanar ruwa. In za ta ga damina a ajiye, a watsa mata wake ko kyasuwa don saiwa ta riƙe ta. Abin da ya fi duka shi ne a raba ramin kashi-kashi: a gama da kashi na farko, ƙasar saman kashi na biyu a juye ta kai tsaye a kan na farko. An yi ɗauka ɗaya maimakon biyu, irin ciyawa kuma bai daɗe a tari ba. Wannan ya fi wa ɗan kwangila kansa araha, sai dai yana buƙatar injiniyan da ya tsara ramin tun farko, ba direban da aka ce masa "haƙa nan" ba.

Na biyu shi ne siffar ramin. Bango a tsaye ba ya riƙe ƙasa, ba ya riƙe iri, yana zabtarewa, kuma saniya ko yaro in ya faɗa ba mafita. A kwantar da shi har ya zama kowace mita 1 ta tsayi tana da mita 3 a kwance. Bango mai tsayin mita 3 na buƙatar fili mita 9 ke nan, don haka wanda ya haƙa har bakin gonar mutane ko bakin titi ya hana kansa wurin gyara. In gangaren ya yi tsawo, a katse shi da dandamali mai faɗin mita 2 don ruwa ya rage gudu. A saman ramin, ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa, a ja lambatu ya kewaye da shi, a shimfiɗa duwatsu a inda zai zubar. Wannan lambatun shi aka fi mantawa, kuma ruwan Agusta guda ɗaya ya isa ya kwashe ƙasar saman da aka wahala aka mayar.

Kafin a mayar da ƙasar sama, sai an farfasa ƙasan ramin da hanyar da tifofi suka bi. Haƙoran bayan buldoza ko na gireda su shiga santimita 30 zuwa 50, layi da layi kada su wuce mita 1, kuma a ja su a gicciye da gangare. In aka ja su daga sama zuwa ƙasa, an yi wa ruwa hanya da hannu. Lokacinsa ƙarshen rani ne, Maris zuwa Afrilu, ƙasa a bushe, don ta tsattsage. In tana da danshi haƙorin yanka kawai yake yi ya shafe gefen, ruwa ba zai ratsa ba. Bayan an baza ƙasar sama kada a bi da gireda a goge ta sumul. Masu duba aiki na son ganin fili a share, amma gargada da ƙananan ramuka su ke tare iri da ruwa.

To, tsofaffin ramukan da ƙasar samansu ta riga ta tafi fa? Su ne suka fi yawa, kuma a nan ne aikin hannu da dabba ke shigowa. A ƙananan hukumomin arewa, Dukku da Nafada da Funakaye, inda ruwa ya fi ƙaranci, rabin-wata na aiki sosai, kamar yadda manoman Tawa a Jamhuriyar Nijar suka daɗe suna farfaɗo da fako da shi. Ana zana rabin da'ira mai faɗin mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa, a haƙe cikinsa da diga santimita 20 zuwa 25, a tara ƙasar a bayan lanƙwasar a daddaɓe. Layi na biyu a saɓa shi da na farko, yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa na ƙasa. Hekta na ɗaukar kusan 300, kuma a kan fako mai tauri mutum ɗaya biyu zuwa uku yake iya yi a yini, don haka a ƙiyasta yinin aiki 100 zuwa 150 a hekta. A kudu, wajen Kaltungo da Billiri da Shongom, ruwa ya fi yawa, rabin-wata kan cika ya ɓalle, kuma dutse na nan a wadace. Can jeren duwatsu ya fi: a nemi layin da ƙasa ta daidaita da tiyo mai haske da aka cika da ruwa, a tona ɗan gurbi, a jera manyan duwatsu a cusa ƙanana ta sama, tsayi kamar santimita 25, tazara mita 15 zuwa 25 gwargwadon gangare. Layin da aka ja da ido ba tare da awo ba yakan tara ruwa a gefe ɗaya ya fashe a nan.

Sai abinci. Hekta na son takin dabbobi tan 5 zuwa 10, kuma jigilar wannan da mota tsada ce. Hanya mafi sauƙi ita ce a shirya da Arɗo garke ya riƙa kwana a wurin a ƙarshen rani, ana matsar da makwancin bayan kwana biyu ko uku har a zagaye filin. Kofato na fasa ɓawon ƙasa, kashi da fitsari na ba da taki, kuma cikin kashin akwai irin gawo da bagaruwa da ciyayi iri-iri da suka bi ta cikin dabba suka yi laushi. Da zarar ruwa ya sauka sai a janye garken, in ba haka ba tattakar da ta yi amfani da rani ita za ta daskarar da ƙasa da damina. A kuma baza karan dawa ko rassan sabara da kalgo a kan fakon. Gara za ta zo ci, ta huda ƙasa, ruwa ya bi ramukanta. Manomi na ƙin gara, amma a wannan aikin ma'aikaciya ce da ba a biya.

Abin da muke roƙo a daina shi ne cike ramuka da sharar gari da sunan gyara. Bola ta yanzu leda ce da kwalba da batir. Saniya na haɗiye leda ta taru a tumbinta ta rame har ta mutu, mahauta sun san wannan sarai, kuma ruwan da ya tsatso daga juji yana gangarawa inda dabbobi ke sha.

Wajen shuka, a fara da abin da ƙasar ta sani. Kyasuwa ce ta gaba: tana fitowa da sauri, tana jure ƙasa marar ƙarfi, tana zubar da iri da yawa, shekara ta farko ta rufe fili. Amma mai shekara ɗaya ce, don haka a haɗa ta da gamba, wadda saiwarta ke zurfi, take toho da ruwan farko kafin sauran ciyayi, take kuma daɗewa shekaru. Irin gamba mai gashi ne, mai sauƙi, kuma yawancin abin da ake tarawa daga daji ƙaiƙayi ne, saboda haka in ba tsabtatacce ba ne a watsa kilo 10 zuwa 20 a hekta, a cakuɗa shi da yashi mai ɗanshi don iska kada ta kwashe. A tara shi a watan Oktoba zuwa Nuwamba a ajiye a inuwa, domin sabon iri ba ya tsira da kyau sai ya huta wasu watanni. Kada a binne shi fiye da santimita 1 zuwa 2, jan reshen ƙaya a kai ya isa. Kada kuma a yi gaggawar shuka da ruwan farko na Mayu: ko dai tururuwa ta kwashe irin, ko ya tsira a samu tsaikon ruwa na mako biyu ya ƙone. A jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya wuce tsakiyar Agusta kuma ya makara, saiwa ba za ta kama ba kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. A kan gangare dashe ya fi watsi: a tsage gindin gamba a dasa tazarar santimita 50, a bakin lambatu da leɓen rami kuma a dasa jema a jere, tazarar santimita 10 zuwa 15, ta zama shinge mai tace laka. Inda dabbobi za su riƙa takawa, kiri-kiri ta fi jurewa.

Ciyawa kaɗai ba ta gyara ƙasa sai da dangin wake. Gadagi na gida ne, dabbobi na son sa. Akwai kuma sitailo, wanda masu bincike suka gwada da makiyaya a yankin Kachiya ta Jihar Kaduna a shekarun 1980 a matsayin rumbun ciyawar rani, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa. Kilo 10 a hekta ake watsawa in shi kaɗai ne, in cikin gamba ne rabin haka ya isa. Ɓawon irinsa na da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi da bai kai tafasa ba na kamar minti 10, a shanya, sannan a shuka. Takin da yake so sufa ne, wato takin zamani mai fosfaras, buhu 2 zuwa 3 masu kilo 50 a hekta. A nan ake yawan kuskure: a zuba yuriya, ciyawa ta yi tsalle ta danne dangin waken, shekara ta biyu a koma inda aka fito.

Game da itatuwa, mun san za a ce ai ana dashe, ga shirin dashen itatuwa na jihar da aka ƙaddamar a 2019. Madalla. Sai dai dashen darbejiya ko turare a jere a kan fako bai mayar da wuri filin kiwo ba, domin inuwarsu in sun yi yawa tana hana ciyawa, turare kuma ba abincin dabba ba ne. Makiyayi gawo yake so, wanda ke da ganye da 'ya'ya da rani, ya kuma zubar da ganye da damina ya bar ciyawa ta sha rana. Sai bagaruwa da dushe a inda ruwa ke kwanciya, aduwa da magarya a tudu. Bishiya 40 zuwa 60 a hekta ta isa. Ramin dashe ya kai santimita 50 a faɗi da zurfi, a fasa marmarar da ke ƙasansa, in ba haka ba saiwa ta nannaɗe a ciki bishiyar ta tsaya tsugune. Kuma duk kututturen da ya yi toho a gefen ramin a bar shi a yi masa sassabe, ya fi dashe goma saurin girma.

Ruwan da ke taruwa a ramukan nan shi ne abin da ra'ayi ya rabu a kai, kuma kowa na da gaskiyarsa. A yankin Dukku, inda ruwan ƙasa ke da nisa sosai, kududdufin gefen hanya na ceton garke na wasu watanni. Amma kududdufi mai bango a tsaye yana cin yara, yana haifar da sauro, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya da ciwon hantar dabbobi kuma tana samun gida. Abin yi shi ne a zaɓa da gangan. In ƙasan ramin na riƙe ruwa, a tattara zurfin a kusurwa ɗaya, domin ruwa mai zurfi da ƙaramar fuska ya fi mai faɗi marar zurfi daɗewa kafin rana ta shanye. A yi masa mashiga ɗaya mai sauƙin gangare, kowace mita 1 ta tsayi da mita 5 ko 6 a kwance, a shimfiɗa mata dutse, sauran gefen a kewaye da ƙaya. A haƙa ɗan rami a gaban inda ruwa ke shiga don ya tare laka, a riƙa yashe shi duk rani. In kuwa ƙasan yashi ne, ruwan mako biyu yake yi, to ba mashaya ba ce, a buɗe masa mafita a shuka ciyawa.

Duk wannan wahala akuya goma na iya rushe ta cikin mako ɗaya. Wurin na buƙatar hutun damina biyu ba kiwo. Waya tsada ce kuma ana sacewa, abin da ke aiki shi ne yarjejeniya a gaban dagaci da Arɗo, da mai gadi daga cikin masu amfani da filin, da barin hanyar wucewa in ramin na kan burtali, don wanda aka toshe wa hanya dole ya keta. A shekara ta biyu ana iya yankan ciyawa bayan ta zubar da iri, a bar tsayin taƙi ɗaya a ƙasa. A share layin kariyar gobara mai faɗin mita 4 zuwa 5 tun Oktoba, gamba busasshiya wuta ce mai ƙarfi. A tuge tafasa da rai-ɗore kafin su yi 'ya'ya. Kuma kada a yi wa filin dogon buri: saniya mai nauyin kilo 250 na cin busasshiyar ciyawa kusan kilo 6 a rana. In hekta ta ba da tan 2, kashi ɗaya cikin uku kawai ya kamata a ci, sauran na ƙasa ne da iri da gara, wato abincin saniya ɗaya na kwana 100 da 'yan kai.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adanai ta 2007 ta sa tsakuwa da burji da yashi cikin abin da ake neman lasisi kafin a haƙa, ta kuma wajabta wa mai lasisi tsarin kare muhalli da gyara wurin. Akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, akwai kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Matsalar ita ce gyaran rami yakan zo a ƙarshen kwangila, lokacin da injuna sun tashi, kuɗi sun ƙare, dawo da buldoza kuma ya fi aikin kansa tsada. Don haka muna kira ga ma'aikatun ayyuka da muhalli da kiwo na jiha su sa kankare ƙasar sama, kwantar da bango, farfasa ƙasa da shuka a matsayin layuka masu farashinsu a takardar kwangila, a riƙe kuɗinsu, kada a saki sai bayan damina ta biyu. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: jami'i da Arɗo da mai unguwa su keta filin a watan Satumba su yi taku 100, in a taku 70 ɗan yatsan ƙafa ya sauka a kan tsiro ko busasshen ganye, a biya. Tsofaffin ramukan da ba a san mai su ba kuma, kowace ƙaramar hukuma ta ƙidaya nata, ta auna faɗi da zurfi, a miƙa jerin ga shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin arewa. A fara da waɗanda ke kusa da gidaje da makarantu, sai na kan burtali da na kewayen gandun kiwo na Wawa Zange.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naku,
Wasu ma'aikatan gona, kiwo da aikin hanya,
Gombe.